Yadda Ake Tace Ganyen Gwaiba a Gwada Ƙarfinsa a Ɗakin Bincike

Ɗalibai masu aikin kammala karatu sun ishe ni da tambaya iri ɗaya. An ba su batun ganyen gwaiba, an ce su auna ƙarfinsa na antioksidan da ƙarfinsa na hana jirkitar ƙwayar gado, amma ba wanda ya zaunar da su ya ce ga inda ake farawa. Na gaji da ba da amsa gutsi-gutsi, shi ya sa na tattara aikin wuri guda, daga tsinko ganye har zuwa ƙirga farantai.

Gwaje-gwaje biyu ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Na farko yana duba ko tataccen ganyen zai iya kwantar da firi-radikal, wato ɓurɓushin sinadarai marasa natsuwa da ke fizgar ilektiron daga duk abin da suka ci karo da shi. Wannan aikin yini ɗaya ne idan kaya sun kammala. Na biyu yana duba ko tataccen zai rage ɓarnar mutajin, wato sinadarin da ke jirkita DNA, kuma ana yin sa da bakteriya masu rai, shi ne ake kira gwajin Ames. Wannan kam yakan ci makonni, kuma a nan mutane suka fi yaudarar kansu. A duka biyun, lambar da ka samu ba ta da daraja sai da kwantirol a gefenta, bututu ko farantin da zan riƙa kira na shaida.

Mataki na 1: Lissafa kaya kafin ka taɓa ganye

Don tacewa kana buƙatar sikeli mai auna miligiram, injin niƙa, rariya, kwalaben gilashi masu murfi, mazurari, takardar tacewa Whatman lamba 1, itanol ko metanol, ruwan da aka tace ta hanyar tururi, da na'urar ƙafe ruwa mai juyawa. Don gwajin antioksidan sai ka ƙara garin DPPH (firi-radikal ɗin da ake gwajin da shi), sinadarin Folin-Ciocalteu, sodiyam kabonet, galik asid, askobik asid, pipet, da sifektirofotomita, na'urar da ke auna hasken da ruwa ya shanye. Gwajin Ames kuma yana son bakteriyar Salmonella typhimurium nau'in TA98 da TA100, aga (abu mai daskarewa da ake shuka bakteriya a kai), histidin da bayotin (sinadaran da bakteriyar ke buƙata don tsiro), farantan Petri, akwatin ɗumi, tukunyar kashe ƙwayoyi da tururi, mutajin, da S9, wato ruwan hantar ɓera.

Ganye da sinadarin jiƙo ba su ne ke cin kuɗi ba. Abin da ke karya aljihu shi ne nau'o'in bakteriyar da S9, domin bayan tsadarsu suna buƙatar firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, kuma idan wuta ta ɗauke suka narke, an yi asara. DPPH da Folin ana sayar da su a ƙananan kwalabe, amma abin da mutum ɗaya zai yi amfani da shi kaɗan ne ƙwarai, don haka ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku saya tare.

Hattara: ka tabbatar da idonka cewa ɗakin binciken yana da TA98 da TA100 masu rai kafin ka sa gwajin Ames a taken aikinka. “Za a kawo” ba kaya ba ne. Idan babu, ka zauna da mai duba aikinka ku koma gwajin saiwar albasa, Allium cepa, wanda manyan kayan da yake buƙata su ne madubin ƙara girma da rini.

Mataki na 2: Tsinko ganye da tantance shi

Ka tsinko da kanka. Zaɓi ganye lafiyayye, wanda ƙwari ba su huda ba, babu tabon fumfuna, kuma daga bishiyar da ba a yi wa feshin maganin ƙwari ba, nesa da hayaƙin motoci. Ragowar feshi kaɗai ta isa ta ɓata maka gwajin Ames. Ka tsai da shawara tun farko ko toho za ka ɗauka ko ganyen da ya ƙosa, kada ka cakuɗa, domin yawan sinadaran da ke cikinsu ya bambanta. Rubuta ranar, wurin da lokacin shekara.

Ka yanko reshe ɗaya mai ganye, da fure ko ɗanyen ɗa idan akwai, ka kai ma'ajiyar samfurin tsirrai domin masani ya tabbatar Psidium guajava ne na dangin Myrtaceae, ya ba ka lambar ajiya. Kowa ya san gwaiba, gaskiya ne, amma ba a karɓar “kowa ya sani” a takardar bincike. Ka tsinko da yawa, kamar kilo ɗaya, saboda fiye da rabin nauyin ɗanyen ganye ruwa ne.

Mataki na 3: Wanki, shanya da niƙa

Wanke ganyen da ruwan famfo, ka ɗauraye da tataccen ruwa, ka bar shi ya tsane. Shimfiɗa shi ɗai-ɗai a inuwa inda iska ke ratsawa, kana juya shi kullum. Yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu gwargwadon danshin iska. Mai gaggawa zai iya sa shi a tanderun ɗakin bincike a digiri 40 zuwa 45. Alamar bushewa ita ce ganyen ya karye ƙaras idan ka lanƙwasa shi, sannan nauyinsa ya daina raguwa idan ka auna kwana biyu a jere.

Hattara: kada ka shanya a rana. Hasken rana da zafi suna lalata sinadaran fenol, su ne kuwa abin da kake nema. Ganyen da ya koma ruwan ƙasa ya toye, wanda ya yi baƙi-baƙi da wari ya yi fumfuna. Duka biyun na shara ne.

Niƙa shi kaɗan-kaɗan, kana tsayar da injin yana hucewa, domin inji ma yana ɗumama gari. Tankaɗe, ka zuba a kwalba mai duhu, ka rufe gam, ka manna takarda mai kwanan wata.

Mataki na 4: Jiƙo da tacewa

Auna giram 100 na gari ka zuba masa lita ɗaya ta sinadarin jiƙo, wato ɗaya bisa goma. Ni na fi son itanol kashi 70 cikin 100, sauran ruwa. Ganyen gwaiba yana ɗauke da kwasetin da 'yan uwansa gwaijabarin da abikularin, ga galik asid, katecin da tanin, kuma gaurayen itanol da ruwa ya fi fito da su gaba ɗaya fiye da tsantsar ɗayansu. Metanol ma yana aiki sosai, sai dai guba ne. Idan kana son aikinka ya yi armashi, ka yi jiƙo biyu, na itanol da na ruwan zafi, tunda da ruwa mutane ke dafa ganyen su sha, kuma kwatanta biyun yana ba ka abin tattaunawa.

Rufe kwalbar, ka naɗe ta da takardar aluminiyam, ka ajiye awa 48 zuwa 72 kana girgizawa sau da yawa a yini. Tace da ƙyalle mai laushi tukuna, sannan da takardar Whatman, in ba haka ba takardar za ta toshe ka wuni kana kallon ɗigo. Tukar da ta rage ka sake jiƙa ta sau ɗaya ka haɗa ruwan biyu.

Hattara: jiƙon ruwa zalla ba ya jure kwana uku a ɗaki, zai yi tsami. Ka yi shi na ɗan gajeren lokaci ka tace a ranar. Na'urar Soxhlet kuma tana da sauri, amma tana dafa tataccen awanni da dama, don haka ba na ba da shawararta ga mai neman antioksidan.

Mataki na 5: Ƙafe ruwan jiƙo

Sa ruwan a na'urar ƙafewa mai juyawa, ka tsayar da zafi a digiri 40. Iskar da na'urar ke zuƙewa ce ke sa itanol ya tashi ba sai ya kai digiri 78 da yake tafasa ba. Ragowar ruwan ka ƙarasa ƙafe shi a faffaɗan kwano a tanderu mai digiri 40, ko a na'urar busarwa da sanyi idan akwai. Za ka samu abu mai danƙo, kore mai duhu ko ruwan ƙasa.

Auna kwanon tun yana wofi, mutane da yawa sukan manta. Raba nauyin tataccen da nauyin garin ka ninka da 100. A ce giram 100 ya ba ka giram 14, abin da ka samu kashi 14 cikin 100 ke nan. Ajiye a firji a digiri 4 cikin kwalba mai duhu.

Hattara: tataccen da bai gama bushewa ba yana ƙarya a kan sikeli. Kana zaton miligiram 10 ka auna, alhali wani kaso ruwa ne, kuma duk lissafin da zai biyo baya ya karkace.

Mataki na 6: Gwajin DPPH

DPPH firi-radikal ne mai natsuwa, launinsa shunayya mai duhu a cikin metanol. Idan antioksidan ya ba shi ilektiron ko haidurojin sai ya koɗe ya koma rawaya. Wannan koɗewar ake aunawa a nanomita 517.

Ƙarfin da ake aiki da shi milimola 0.1 ne, wato miligiram 3.94 a mililita 100. Auna miligiram 3.94 daidai yana da wuya a kan sikelin da kowa ke taɓawa. Dabarar ita ce ka auna miligiram 19.7 ka narkar a mililita 50, wanda ya ba ka milimola 1, sannan ka sirka kashi ɗaya da kashi tara na metanol. Haɗa shi a ranar aiki, ka naɗe kwalbar, domin haske yana cinye shi.

Narkar da miligiram 10 na tatacce a mililita 10 na metanol. Daga nan ka sirka zuwa ƙarfi biyar ko shida, misali maikurogiram 5, 10, 20, 40, 80 da 160 a kowace mililita. Yi wa askobik asid haka don kwatanci, amma da ƙarfi ƙasa da wannan. A kowane bututu zuba mililita 1 ta samfur da mililita 3 na DPPH, girgiza, ka sa a duhu minti 30. Kowane ƙarfi bututu uku.

Bututan shaida uku ne. Na farko metanol zalla, da shi ake mayar da na'ura sifili. Na biyu DPPH da metanol ba tatacce, shi ne mafarin lissafi, kuma ya kamata ya karanta wajen 0.8 zuwa 0.9. Idan ya yi ƙasa sosai, DPPH ɗinka ya mutu. Na uku shi ne wanda aka fi tsallakewa: tatacce da metanol ba DPPH. Tataccen ganye yana da launin kansa, kuma launin yana shan haske. Ka cire karatun wannan bututun daga na samfur kafin ka yi lissafi.

Lissafin ba wuya. Cire karatun samfur daga na shaida, raba da na shaida, ninka da 100. A ce shaida ta ba da 0.860, samfur 0.310. Bambancin 0.550 ne, ka raba da 0.860, ka samu kusan kashi 64 cikin 100. Zana jadawalin ƙarfi da kaso, ka fitar da IC50, wato ƙarfin da ke kwantar da rabin DPPH. Ƙanƙantar IC50 ita ce ƙarfin tatacce, kada ka karanta shi a baibai.

Hattara: ganyen gwaiba yana da ƙarfi a wannan gwajin. Idan ka fara da manyan ƙarfi, duk bututan za su koma rawaya nan take, karatunsu ya tsaya wajen kashi 90, ka rasa layin da za ka fitar da IC50. Dole a samu maki a ƙasa da 50 da kuma sama da 50. Idan babu, ka ƙara sirkawa ka sake.

Akwai wani kuskuren da ke sa sakamakon mutum biyu ya bambanta ninki huɗu alhali ganye ɗaya suka gwada. Ka zuba mililita 1 cikin jimlar mililita 4, don haka ƙarfin da ke cikin bututu rubu'in wanda ka haɗa ne. Maikurogiram 40 ya zama 10. Ka zaɓi wanda za ka yi lissafi da shi, ka faɗa a rubuce. Ni da na cikin bututu nake yi.

Mataki na 7: Auna jimlar fenol

Sirka sinadarin Folin ɗaya bisa goma da ruwa, ka haɗa sodiyam kabonet kashi 7.5 cikin 100. Zuba mililita 0.5 ta samfur, ƙara mililita 2.5 na Folin, jira kamar minti biyar, sannan ka ƙara mililita 2 na kabonet. Kada ka juya wannan jerin. Ajiye a duhu aƙalla minti 30, launin zai koma shuɗi, ka karanta a nanomita 765. Galik asid daga maikurogiram 20 zuwa 100 a mililita shi ne ma'aunin da za ka zana layi da shi.

Sirka tataccen har karatunsa ya faɗa cikin layin. A ce ka gwada miligiram 0.2 a mililita, layin ya nuna daidai da maikurogiram 50 na galik asid, to amsarka miligiram 250 ce a kowane giram na tatacce. Ka sani Folin ba ya bambance fenol da sauran sinadarai masu ba da ilektiron irin su bitamin C, saboda haka ƙiyasi ne. Mai son auna filabonoyid sai ya yi gwajin aluminiyam kulorayid a nanomita 415, da kwasetin a matsayin ma'auni.

Mataki na 8: Shirya bakteriyar Ames

Gwajin na Bruce Ames ne na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma tsarin da Maron da Ames suka wallafa a 1983 shi ake bi har yau. Bakteriyar tana da naƙasa a ƙwayar gadonta wadda ta hana ta ƙera histidin, don haka ba ta tsiro a farantin da babu shi. Idan mutajin ya sake jirkita wurin naƙasar, sai wasu su warke su yi tsiro, kowace ta zama ɗigo da ido ke gani. Yawan ɗigo shi ne yawan jirkita. TA98 na kama jirkitar da ke gusar da jerin karatun DNA, TA100 na kama wadda ke musanya harafi ɗaya da wani.

Kafin komai ka tantance nau'in. Dole ya kasa tsiro ba histidin, rinin kiristal bayolet ya hana shi tsiro, hasken UV ya kashe shi, amma ya jure ampisilin. Idan ya faɗi ɗaya daga ciki, ya lalace ko ya gurɓata. Shuka shi a romon gina jiki ya kwana a digiri 37 ana girgizawa, awa 10 zuwa 16, har ya kai kusan ƙwaya biliyan ɗaya zuwa biyu a mililita.

Farantin ƙasa aga ne kashi 1.5 cikin 100 da gishirin Vogel-Bonner da gulukos kashi 2. Agar sama kuma kashi 0.6 ce da gishiri kashi 0.5, a ƙara wa kowace mililita 100 mililita 10 na haɗin histidin da bayotin mai milimola 0.5. Wannan ɗan histidin yana ba bakteriyar damar rabuwa 'yan lokuta, abin da ke haifar da wani hazo-hazo a fuskar faranti. Ka riƙe maganar hazon nan, za mu dawo kanta. Narkar da tatacce a DMSO, wani sinadarin narkarwa, ka tace da matata mai maikuromita 0.22, kuma kada ka wuce maikurolita 100 a faranti.

Mataki na 9: Gwada tataccen shi kaɗai tukuna

Ba a nan mutane ke son ɓata lokaci ba, amma a nan gizo ke saƙa. Ganyen gwaiba yana kashe bakteriya ko hana su tsiro, an daɗe da sanin haka. Bakteriyar da ta mutu kuwa ba ta yin ɗigo. Ke nan idan ka zuba tatacce mai yawa, farantinka zai fito fes, ka ce ya hana jirkita, alhali kashe bakteriyar ya yi.

Na taɓa ganin ɗalibi ya shigo da faranti a hannu yana murmushi, ɗigo bai fi goma ba, ga na mutajin zalla cike maƙil. Har ya fara lissafin kashi casa'in da wani abu. Muka ɗaga farantin muka kara a fitila. Na shaida yana da hazonsa kamar gilashin da aka yi wa numfashi, nasa kuwa garau, kana hango yatsunka ta ƙasa. Da muka sa a madubin ƙara girma, fili ne fetal. Aikin mako biyu ya tafi.

Saboda haka ka fara da jerin adadi, daga ƙarami zuwa babba, kada ka wuce miligiram 5 a faranti, wanda shi ne iyakar da ƙa'ida mai lamba 471 ta ƙungiyar ƙasashe ta OECD ta sa. Kowane adadi ka duba abu uku: hazon yana nan lafiya, yawan ɗigo bai faɗi ƙasa da na farantin shaida ba, sannan idan ka sirka bakteriyar ka shuka a aga mai cikakken abinci, masu rai ba su ragu sosai ba. Adadin da suka tsallake ukun su kaɗai za ka ci gaba da su.

Hattara: idan ka ga ɗige-ɗige ƙanana ƙwarai barjat kamar an watsa gishiri kuma babu hazo, ba warkakku ba ne. 'Yan tsirarun da suka tsira ne suka cinye histidin ɗin matattu. Ɗauko ɗaya ka shafa a farantin da babu histidin, ba za ta tsiro ba.

Akwai kuma akasin haka. Kwasetin da kansa yana ƙara ɗigo a TA98, abin da aka sani tun shekarun 1970, kuma tataccen tsiro na iya ɗauke da nasa histidin ɗin. Idan tatacce shi kaɗai ya ninka ɗigon shaida sau biyu ko fiye, ka rubuta shi yadda yake. Sakamako ne, kuma ɓoye shi zai ɓata lissafin gaba.

Mataki na 10: Zuba farantan gwaji

Mutajin iri biyu ne. Akwai masu aiki kai tsaye: sodiyam azayid ga TA100, wajen maikurogiram 1.5 a faranti, da NPD, wato 4-nitro-o-phenylenediamine, ga TA98. Akwai kuma waɗanda sai hanta ta sarrafa su suke zama masu ɓarna, irin su 2-aminofulorin da benzopairin. Su ne ke buƙatar S9, ruwan hantar ɓera da aka juya a injin wurwura a ƙarfin da ya ninka jan ƙasa sau 9,000. Ana haɗa shi da NADP da gulukos-6-fosfet a ranar aiki, kuma ba ya sauka daga kan ƙanƙara.

A bututu mai tsabta zuba mililita 0.5 ta S9, ko ruwan fosfet mai pH 7.4 idan ba da S9 kake yi ba. Ƙara mutajin, ƙara tatacce, sannan mililita 0.1 ta bakteriya. Ajiye minti 20 a digiri 37. Zuba mililita 2 na agar sama mai zafin digiri 45, murza bututun a tafin hannu, ka juye a faranti ka karkata shi ya bazu cikin 'yan daƙiƙu. Idan ya daskare ka kife shi, ka sa a akwatin ɗumi awa 48.

Hattara: agar da ta wuce digiri 45 da yawa tana kashe bakteriya da S9, wadda ta huce kuma tana gudaji. Ka riƙe ta a bahon ruwan ɗumi, kana ɗauko bututu ɗaya-ɗaya.

Hattara ta biyu, wadda ta fi: mutajin ɗin nan guba ne na gaske, wasunsu na jawo kansa. Safar hannu, tabarau, da akwatin zuƙe iska wajibi ne. Sodiyam azayid idan ya haɗu da asid yana fitar da iska mai kisa, idan kuma aka zuba shi a magudana yana haɗuwa da tagulla ko dalma ya zama abin fashewa. Kada ka yi wannan mataki ba ƙwararre a kusa.

Ka ƙirga farantanka tun kafin ka sayo. Bakteriya zalla uku, DMSO uku, mutajin zalla uku, tatacce zalla a adadi biyar 15, tatacce da mutajin 15. Jimla 39 ga nau'i ɗaya. Nau'i biyu 78, da S9 kuma 156, ga shi dole a maimaita gwajin a wata ranar. Wanda bai yi wannan lissafin ba, a tsakiyar aiki aga ke ƙare masa.

Mataki na 11: Ƙirga da lissafi

Fara da farantin bakteriya zalla. TA98 yakan ba da ɗigo 20 zuwa 50 da kansa, TA100 kuma 75 zuwa 200. Idan naka ya fita daga nan da nisa, ko mutajin zalla bai ninka ɗigon sau da yawa ba, gwajin ranar bai karɓu ba. Ƙirga ta bayan faranti kana ɗiga alƙalami a kan kowane. Ya fi kyau wani ya rufe maka lakabin, domin ido yana ganin abin da zuciya ke so.

Cire ɗigon tatacce da mutajin daga na mutajin zalla. Raba da abin da ya rage idan ka cire na bakteriya zalla daga na mutajin zalla. Ninka da 100. A ce mutajin ya ba da 930, haɗin ya ba da 530, bakteriya zalla 130. Ka raba 400 da 800, ka samu kashi 50 cikin 100. Ma'aunin da masu bincike da yawa ke bi shi ne sama da 40 ƙarfi ne, 25 zuwa 40 matsakaici, ƙasa da 25 rauni. Abin da ya fi wannan gamsar da ni shi ne ɗigo ya riƙa raguwa a jere yayin da adadin tatacce ke ƙaruwa, hazo kuma yana nan.

Idan raguwar ta fito a farantan S9 kaɗai, ka yi taka-tsantsan wajen fassara. Tanin yana manne wa furotin, kuma S9 furotin ne. Mai yiwuwa tataccen ya ɗaure ma'aikatan hantar ne suka kasa kunna mutajin ɗin, wanda daban yake da kare DNA a cikin ƙwayar halitta.

Mataki na 12: Shara da rubuta rahoto

Farantan da ke da bakteriya kaɗai a dafa su a tukunyar tururi a digiri 121 na aƙalla minti 15. Duk abin da ya taɓa mutajin, har bakin pipet da safar hannu, a ware shi a jaka mai lakabi a miƙa wa mai kula da sharar guba. Ragowar metanol da DPPH a tara a kwalba, ba a magudana ba.

A rahoto ka rubuta abin da ka auna kawai: tataccen ya kwantar da DPPH a bututu da IC50 kaza, ya rage ɗigon TA100 da kaso kaza a adadi kaza. Kada jumlar “yana maganin kansa” ta shiga. Bututu ba shi da hanji da hanta da ƙoda, kuma kwasetin da mutum ya sha jiki yana sauya masa kama kafin ya shiga jini. A kowane tebur ka sa matsakaici da gwargwadon bambancin maimaici uku, lambar ajiyar samfur, sinadarin jiƙo da ƙarfinsa, IC50 na askobik asid a gefen naka, da layi guda da ke bayyana halin hazon kowane faranti.